Abin da Ya Faru a Rami na Bakwai

Cikin jirgin ruwa, kudu da Saipan
16 ga Janairu, 1997

Zuwa ga Kaka Babba Hatsue, Onomichi.

Bayan gaisuwa mai nauyin duwatsu da ladabi mai zurfin tekun da muke kansa, ina fatan sanyin Janairu bai matsa wa gwiwoyinki ba, kuma kunnen nan na hagu yana nan yana zaɓen abin da yake son ji. Mu nan lafiya lau. Tun da ba kya jin magana ta waya, kuma kin umarta a riƙa aiko miki da rahoto a rubuce, ga jikan ƙanwarki, Shunpei, Ministan Harkokin Safa da Magunguna na mai girma Baba Tsoho, ya ɗauki alƙalami.

Zan fara da lafiya, domin ita ce sharaɗin da kuka gindaya ke da Babana kafin ku bari mu bar Kobe: ranar da jikin Baba Tsoho ya nuna gazawa, a sauke shi a sa shi a jirgin sama zuwa gida. Ina mai alfaharin sanar da ke cewa awon jininsa ya fi nawa kyau. Yana cin shinkafa kwano ɗaya da rabi, yana shan miyar miso yana kushe ta. Ni ne dai na kwana biyu rungume da bokiti, har ya leƙo ya ce, "Wannan ne aka haɗa ni da shi ya kula da ni?" Magana mafi tsawo ke nan da na ji daga bakinsa tun rasuwar Kaka Toshie.

Rayuwar jirgi tana da tsari irin na gwamnati. Ƙarfe shida da rabi ana taruwa a sama a yi motsa jiki, tsofaffi ɗari uku suna ɗaga hannu tare kamar gonar shinkafa da iska ke kaɗawa. Sai karin kumallo. Sai shayi, domin a huta daga karin kumallo. Sai ajin rawa, da ajin naɗe takarda, da ajin koyon gaisuwa cikin harsunan da za a manta kafin a sauka. Da yamma kowa ya sa kwat ya zauna gaban cokula shida, a yi ta satar kallon maƙwabci a ga wanne ya ɗauka. A bayan jirgi kuma akwai keji na raga inda ake gwada bugun ƙwallon golf, kuma can majalisar dattawa take zama. Shugabanta Dakta Hamaguchi, tsohon likitan haƙori, wanda ba ya iya gaisawa da mutum sai ya leƙa bakinsa. Mataimakiyarsa Madam Ebihara, wadda ta binne maza biyu kuma ta fi kowa nisan bugu. Ni kaɗai ne ban kai sittin ba, don haka aka naɗa ni mai buɗe kwalabe da karanta ƙananan rubutu.

Littafin Kaka Toshie yana aljihun Baba Tsoho. Kin san shi, mai koren bango, wanda ta shekara uku tana shiryawa saboda wannan tafiya: tsibirai huɗu, filin golf huɗu, Saipan da Numeya da Fiji da Mawi, kowanne da shafinsa, kowane shafi da layi biyu na rubuta sakamako, nasa da nata. Ya taho da jakar sandunanta na golf ma. Tana tsaye gefen gadon da ya kamata ya zama nata, wanda nake kwana a kai ina neman afuwa. Jiya muka cika shafi na farko, layinsa kawai. Iska ta kwashe masa ƙwallaye uku ta ba teku. A ƙasan shafin ashe ta riga ta rubuta: "Masanobu, kada ka yi wa iska faɗa, ba ta jin ka." Ya karanta, ya rufe, ya ce mu je mu ci abinci.

Na san ba ki so wannan tafiya ba, kin ce shekarar makoki ba ta cika ba. Ba na jayayya da hukuma. Roƙona ɗaya ne: a bar shi ya cika shafuka huɗun nan.

Naki cikin biyayya,
Shunpei

*

Onomichi
24 ga Janairu

Shunpei,

Sanyi ya yi tsanani bana, ruwan randar bayan gida ya daskare sau biyu. Gwiwoyina suna nan. Kunnena ba ruwanka da shi.

Wasiƙarka ta iso. Sai da na karanta sau biyu kafin na gano labarin a ƙarƙashin kalmomin, kamar mai neman nama a miyar makaranta. Idan kamfanin da zai ɗauke ka aiki a Afrilu ya ga yadda kake rubutu, zai sake tunani.

Ba golf nake ƙi ba. Ni na raka Toshie ta sayi sandunanta na farko, lokacin da matan unguwa ke cewa ta haukace. Abin da na ce shi ne, wata takwas ke nan da rasuwarta. Bana ba mu aika katin sabuwar shekara ba, ba mu rataya komai a ƙofa ba, ba mu je bikin 'yar gidan Okabe ba. Gidan da ke makoki ba ya biki. Ka tuna wa kakanka, ko da yake ya fi ka sani. An ce mini jirgin nan kullum kiɗa ne.

Duk safiya ina zuwa gidansu in kunna mata turare gaban hotonta, in canja shinkafar. Na fara kwashe kayanta, tun da shi ya ƙi taɓawa. Yarinyar nan ko igiya ba ta taɓa zubarwa ba.

Ka sa shi ya riƙa sa hula, ƙeyarsa ba ta son rana. Sharaɗi yana nan.

Hatsue

*

Lautoka, Fiji
3 ga Fabrairu

Kaka Babba mai daraja,

Gaisuwa a gurguje, domin saura minti goma a rufe jakar wasiƙu. Ina fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta same mu a Numeya, an karanta ta a tsaye, an sa hula. Shafi na biyu ya cika.

Yau kuwa, a filin golf, a rami na bakwai, wani al'amari ya auka wa Baba Tsoho, irin wanda ba ya samun mutum sau biyu a rayuwa. Na gani da idona. Sanda ta faɗi daga hannunsa, ya durƙusa a kan ciyawa, ya daɗe bai tashi ba, sai da Dakta Hamaguchi da Madam Ebihara suka kama shi. Bai ƙarasa wasan ba. Har muka komo jirgi bai ce uffan ba, ya shige ɗaki ya ce kada a bar kowa ya shigo.

Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa mene ne ba, musamman ke. Ni kuwa mutum ne mai riƙon amana, shi ya sa kika ga ban faɗa ba. Kada hankalinki ya tashi. Tarihi zai yi bayani.

Shunpei, Ma'ajin Asirai

*

Onomichi
12 ga Fabrairu

Shunpei,

Itacen ume na gidan kakanninka ya fara fure. Ban tsaya kallo ba.

Wai kada hankalina ya tashi. Mutum ɗan shekara saba'in da huɗu ya saki sanda ya durƙusa, likita ya kama shi, ya daina magana, ya hana a faɗa mini. Haka mijina ya yi a tashar jirgin ƙasa. Shi ma ya ce kada a faɗa mini. Kwana tara ya ƙara a duniya. Ka ɗauka ni yarinya ce?

Na aika wa babanka wasiƙar. Ya kira jirgin ta waya. Kakanka ya ce "lafiya lau" ya ajiye. Kai kuma, in ji shi, ka yi ta zuba bayani kan darajar alkawari har layin ya yanke. Don haka ya yanke shawara, ni ma na goya masa baya. Zai tashi zuwa Honolulu ya tarye ku ranar 10 ga Maris. Ya riga ya yi magana da asibiti. Idan an sallami kakanka, wurinsu zai zauna a Osaka, ba zai koma gidan nan shi kaɗai ba.

Na san Mawi washegari ne. Na san shafi ɗaya ya rage. Na rasa ƙanwa bara, ba zan rasa mijinta a tsakiyar ruwa saboda shafi ba.

Ka rubuto mini da kalmomin da mutane ke magana da su. Wane ɓangare ne na jikinsa ba ya motsi?

Hatsue

*

Papeete, Tahiti
24 ga Fabrairu

Kaka Babba,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, ina kuma rusunawa har goshina ya taɓa takarda. Duk ɓangarorin jikin Baba Tsoho suna motsi. Dakta Hamaguchi likitan haƙori ne, na faɗa miki tun farko, kuma iyakar abin da ya gano shi ne haƙori ɗaya na ƙasa yana neman ciko.

Yau zan karya alkawari, karo na farko a tarihin aikina, kuma zan yi da ƙananan kalmomi kamar yadda kika umarta. Baba Tsoho ya jefa ƙwallo a rami da bugu ɗaya.

Ga yadda aka yi. Rami na bakwai gajere ne, da ɗan tafki a gaba, da itatuwan kwakwa a baya. Ya sa hannu a jakarsa, ya fasa, ya ce in miƙo masa sanda daga jakar Kaka, wadda nake saɓe da ita tun Saipan ba a taɓa buɗewa ba. Sandar ta yi masa gajarta, sai da ya sunkuya kamar mai gaida surukai. Ya buga. Ƙwallo ta tashi, ta sauka, ta yi tsalle biyu, ta gangara, ta ɓace. Madam Ebihara ta ce ta shiga. Dakta ya ce ba ta shiga ba, idonta ne. Ta ce masa idon da ya zaɓi wannan wandon ba shi da bakin magana.

Abin da ban rubuta miki ba shi ne abin da ya zo tsakanin shigar ƙwallon da durƙuson. Dariya ya yi, Kaka Babba. Dariya sosai, irin ta da, har da ɗaga hannu sama. Ya juya hagu, inda takan tsaya da lemarta, ya ce, "Toshie, kin ga?" Ni ne tsaye a wurin, da jakarta a kafaɗa.

Sai sandar ta faɗi.

Kin san al'adar 'yan golf. Wanda ya yi wannan sa'a dole ya yi liyafa ya raba kyauta ga abokan wasa, domin an ce sa'a mai girma haka, idan mutum ya riƙe ta shi kaɗai, juyewa take yi. Majalisar keji ta riƙe wannan kamar doka. Kowace safiya bayan motsa jiki Dakta yana zuwa ƙofarmu ya ƙwanƙwasa, ya tambaya yaushe ne, har ya yi tayin shirya komai da kansa. Sau ɗaya tak Baba Tsoho ya amsa masa, ta bayan ƙofa: gidansa na makoki, ba ya biki. Ni kuwa ya ce mini, yana kallon taga, "Wata tara ba su cika ba na tsaya gaban mutane ina tsalle. Idan Yaya Hatsue ta ji, da wane ido zan kalle ta?"

Ba zai iya yin liyafar ba, ba kuma zai iya haɗa ido da masu jiranta ba. Shi ya sa mako uku ke nan ina kai masa abinci ɗaki. New Zealand gaba ɗayanta ta taga ya gan ta. Shafi na uku babu komai a kai.

Na tuna ina ƙarami, duk Lahadi idan sun dawo daga fili, yakan ce yau saura kaɗan, ita kuma ta ce, "Ranar da ka jefa, ni zan raba kyautar." Mu yi ta dariya, don mun san shekara talatin ke nan yana saura kaɗan. Ina jin wannan ma yana cikin abin da ke zaune da shi a ɗakin.

Na karanta masa wasiƙarki, na tsallake layin mijinki. Da na zo kan Honolulu da Osaka, cewa ya yi, "To." Ya jawo akwati ya fara naɗe safa. Wannan "to" ɗin ya fi durƙuson ba ni tsoro.

Laifina ne. Na so in yi wa magana ado, na jawo masa asibiti. Babana ba zai saurare ni ba, ya san ni. Ke zai saurara, Baba Tsoho ma haka. Ban san abin da ya dace a al'ada ba, ke kika sani. Na dai san idan aka sauke shi a Honolulu, mutumin da zai isa Osaka ba wanda ya yi dariyar nan ba ne.

Shunpei, ba muƙami

*

Onomichi
4 ga Maris

Shunpei,

Sanyi ya sassauta, gwiwoyi da sauƙi. Wannan wasiƙa da akwatin da ke tare da ita ba naka ba ne. Ka karanta ta gaban kakanka da ƙarfi, kada ka ƙara ko kalma ɗaya taka.

Masanobu,

Sakarai. Shekara arba'in da shida ina kiranka haka a zuci, yau na rubuta.

Na tsayar da ɗanka, babu mai zuwa Honolulu. Sai da na hau jirgin ƙasa har Osaka, domin a waya ba na jin gardamarsa, a gabana kuma ba ya iya yi.

Watan jiya, ina kwashe kayan Toshie, na tarar da akwatin kwali can ƙarshen ma'ajin barguna, bayan shimfiɗar baƙi. Ƙananan tawul ne na auduga guda hamsin, rinin shuni, aikin marinar tsoho Kuwada da aka rufe shekara goma sha takwas da suka wuce. Kowanne da hoton 'yar tuta, da sunanka, da kalmar godiya, da wani gurbi fari da aka bari. Ban gane na mene ne ba. Na ɗauka na barin aikinka ne ta manta da su, har na yi niyyar kai wa haikali. Da wasiƙar jikanka ta zo, na koma na sake buɗewa. A cikin murfin ta rubuta da fensir: "Na ranar da ya jefa. Kada a nuna masa, kansa zai kumbura."

Gurbin na kwanan wata ne da sunan wuri. Shekara arba'in ina koyar da rubutun buroshi, ban taɓa rubuta abu ɗaya sau hamsin ba sai wannan makon. Fiji, rami na bakwai, 3 ga Fabrairu. Na ƙarshe-ƙarshen sun ɗan karkace, yatsuna ne suka gaji. Ka ba likitan haƙorin irin waɗannan.

Ga hukunci, tun da an ce ni ce hukuma. Kai kana makoki, ba za ka yi biki ba. Ba kiɗa, ba jawabi, ba ɗaga kofi. Amma Toshie ba ta makokin kowa. Ita ta ce za ta raba, ta kuma shirya tun kafin gashinka ya zube. Kai ɗan aike ne kawai. Ka bi ƙofa-ƙofa ka miƙa, ka ce daga matarka.

Batun dariya kuwa, na faɗa mata da safe da na kunna turare. Ban ga ta ɓata rai ba. Ni ma da ina wurin da na yi, ko don ganin ka da sandar mata.

Na riƙe ɗaya. Arba'in da tara ne a akwatin, kada ministanka ya ce an yi sata.

Ka sa hula a Mawi.

Hatsue

*

Mawi
11 ga Maris, kafin jirgi ya tashi

Zuwa ga Kaka Babba, Kotun Ƙoli ta Onomichi.

Bayan gaisuwa da fatan yatsunki sun warware, ina sanar da ke cewa an mayar da ni kan muƙamina, kuma lafiyar ƙasa ta daidaita. Shinkafa ta kai kwano biyu.

Akwatin ya hau jirgi jiya a Honolulu. Na karanta wasiƙar da ƙarfi ban ƙara komai ba, wahalar da ban taɓa sha ba tun da aka haife ni. A kan "sakarai" ya gyaɗa kai. Da na gama, ya ciro tawul ɗaya ya shimfiɗa a gwiwa, ya bi sunansa da yatsa. Sannan ya ce, "Shekara goma sha takwas da wannan a bayan barguna, tana ce mini hannuna karkatacce ne." Ya ce in miƙo masa reza.

Da yamma muka fita, shi a gaba da baƙar kwat, ni a baya da akwati. A kowace ƙofa ya rusuna, ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Daga matata." Dakta ya karɓi nasa karkatacce, ya gyara murya zai yi jawabi, Madam Ebihara ta taka masa ƙafa. Ita kuwa ta karanta nata, ta ninke a hankali, ta ce ba ta taɓa haɗuwa da Kaka ba, amma ta tabbata da sun yi faɗa a fili sun shirya a wurin shayi. Kyaftin ya samu. Mai dafa miyar miso ma ya samu, haɗe da shawara kan gishiri.

Yau mutum goma sha shida suka fito fili, kowa da shuɗin tawul a wuya. An sa hula. Sakamakon ba abin tsallaka teku ba ne: a gajeren rami ma sau shida ya buga, da sandarsa. A ƙasan shafi na huɗu ta rubuta: "Mun gama. Mu koma gida kafin furen sakura ya riga mu." Ya cika layinsa.

Sannan ya koma shafi na uku, ya ari fensirina, ya rubuta ɗaya a rami na bakwai. A layinta ya rubuta. Na ja hankalinsa cikin ladabi cewa wannan murɗe tarihi ne, kuma akwai shaidu uku. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Sandarta ce," in ji shi.

Za mu iso Kobe ranar 22 da safe. Ya ce in gaya miki ranar kada ki kunna turaren. Zai iso gida kafin rana ta take, shi zai kunna, yana da labarin da zai ba ta.

Naki cikin biyayya,
Shunpei